Fachi: Ƙauyen da Rumbunsa Yake Bayan Hamada



Idan ma'aikacin hukuma ya zauna zai shigar da bayanin wani ƙauye cikin littafin ofis, galibi abu uku yake nema kafin ya ajiye alƙalami, wato adadin mutanen wurin, da faɗin ƙasar da aka iyakance musu, da kuma hanyar da ake bi a isa gare su. Kuma bisa ga abin da ya rubuta a layukan nan uku ne waɗanda ke can babban birni, waɗanda watakila ba su taɓa taka wurin ba, za su yanke hukuncin ko ƙauyen ya cancanci makaranta, ko ɗakin shan magani, ko kuwa a jinkirta al'amarinsa zuwa baɗi. A sharhinmu na yau za mu ɗauki ƙauye guda ɗaya daga cikin mafiya nisa a duk yankinmu, mu ɗora shi bisa waɗannan ma'aunai, domin mu ga wanne daga cikinsu yake faɗin haƙiƙanin halin da mutanensa suke ciki. Ƙauyen shi ne Fachi, wanda Barebarin wurin suke kira Agram, a gundumar Balma, cikin jihar Agadas ta Jamhuriyar Nijar.

Wanda bai taɓa jin sunan ba kada ya ɗauka ba shi da alaƙa da wurin, gama duk makiyayin da ya taɓa sayen kantun gishiri a kasuwar Damagaram, ko Katsina, ko Kano, ya fasa wa dabbobinsa su lasa, akwai yiwuwar daga ramukan Fachi ko na Balma kantun nan ya fito. Garin yana zaune ne a gindin wani dogon dutse a tsakiyar hamadar Tenere, tuddan rairayi sun kewaye shi ta kowace fuska, tsakaninsa da Agadas kimanin kilomita 400 a miƙe ta yamma, tsakaninsa da Balma kuwa kimanin kilomita 160 ta gabas. Sauran garuruwan gundumar, irin su Balma da Dirku da Anay da Sigidin, a jere suke bisa layi guda a gindin dutsen Kawar, kowanne yana da maƙwabcin da zai ruga wurinsa idan ta ɓaci. Amma Fachi Allah Ya ajiye ta ita kaɗai, ba ta da maƙwabci sai iska da yashi.

To, mu fara da adadi. A ƙidayar jama'ar da aka yi a Nijar cikin shekarar 2012, wadda ta nuna mutanen ƙasar baki ɗaya sun haura miliyan 17, abin da aka samu a ƙaramar hukumar Fachi mutum 2,000 ne da 'yan kai, mafi yawansu Barebari, tare da Tubawa. Unguwa guda a cikin birnin Kano ta ninka wannan sau da dama, kuma wanda yake rabon dukiyar jama'a bisa ƙidayar kawuna kaɗai, da ƙyar idonsa zai tsaya a kan irin wannan lissafi. Amma ya kamata mu lura cewa adadin nan hoton yini guda ne, na ranar da mai ƙidaya ya shiga gari; alhali kuwa Fachi gari ne mai cika da raguwa, domin da kaka, sa'ad da dabino ya nuna kuma ayarin Buzaye ya sauka a bayan gari, baƙi sukan yi yawa ƙwarai, ga raƙuma durƙushe iyakar ganinka, ana ta ciniki da awo da ɗaurin kaya, sa'an nan idan ayari ya tashi, samarin gari kuma suka fita neman abin kansu, wasu zuwa Libiya, wasu Agadas, wasu kuma wuraren haƙar zinariya tun da aka gano ta a Jado cikin 2014, sai wurin ya koma hannun dattawa da mata da yara. Saboda haka rijiyoyin Fachi da kasuwarta suna yi wa jama'a hidima fiye da abin da aka rubuta a takarda nesa ba kusa ba.

A nan akwai wata mas'ala ta fiƙihu wadda ta cancanci a tuna da ita. Malamanmu na mazhabar Malikiyya, da suka zo bayanin wurin da sallar Juma'a take inganta, ba su sharɗanta dubbai ba. Abin da suka nema shi ne mutanen su kasance mazauna na dindindin, waɗanda suka ɗauki wurin mahaifa ba zangon wucewa ba, da masallaci ginanne, da kuma maza 12, ban da liman, waɗanda za su halarta tun daga huɗuba har zuwa sallama. Ma'ana dai, a wurin waɗannan magabata, abin da yake mai da taron gidaje ya zama gari mai haƙƙi da alfarma shi ne tabbata da zama, ko da mutanen kaɗan ne. Idan kuwa tabbata ce hujja, to Fachi tana da ita fiye da manyan garuruwa da yawa, gama mutanenta sun yi ƙarnoni a wurin, sun ga mulkin Borno, sun ga hare-haren mahara daga gabas da yamma da arewa, har suka gina wa kansu ƙaƙƙarfar ganuwa da tubalin ƙasa mai gishiri, suka jera tukwanen ajiyar hatsi a cikinta, domin idan mahara sun auko su shige su rufe ƙofa har fitina ta wuce. Wani masani mai suna Peter Fuchs ya zauna tare da su, ya nazarci sana'arsu da zamantakewarsu, ya wallafa littafi a kansu cikin 1983.

Sai ma'auni na biyu, wato faɗin ƙasa, wanda ya fi na farko ruɗar da mai kallon taswira. Jihar Agadas ita kaɗai ta haura murabba'in kilomita 660,000, fiye da rabin ƙasar Nijar ke nan, alhali mutanenta a ƙidayar 2012 ba su cika 500,000 ba. Gundumar Balma kuwa, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu, Balma da Dirku da Jado da Fachi, faɗinta ya kusa murabba'in kilomita 300,000, ta ɗara ƙasar Ghana gaba ɗayanta, amma jimillar mutanenta a waccan ƙidaya ba ta kai 20,000 ba. In da za a raba ƙasar daidai wa daida, da kowane mutum guda, har da jariri na goye, ya tashi da murabba'in kilomita fiye da 15. Wanda ya ji haka a ƙasar Kano ko Maraɗi, inda 'yan'uwa suke kai juna gaban alƙali a kan kunya biyu ta gona, zai ce lalle waɗannan mutane sun ji daɗi.

Sai dai ita ƙasa ba a auna amfaninta da igiyar awo, da ruwa ake aunawa. Ruwan saman da yake sauka a wannan yanki bai kai milimita 20 a shekara ba idan an daidaita, wata shekarar ma ko ɗigo babu, alhali ƙasar Kano takan samu fiye da milimita 700. Abin da yake riƙe da rai a Fachi ruwan ƙarƙashin ƙasa ne, wanda da ikon Allah ya matso kusa da sama a gindin dutsen, har dabino ya samu inda zai kafa saiwa, aka kuma samu 'yan lambuna da ake ba su ruwa daga rijiya. Wannan siririn tsiri shi ne ƙasar Fachi ta haƙiƙa. Duk sauran abin da aka zana wa ƙaramar hukumar a taswira nisa ne kawai, wanda ba a nomawa, ba a kiwo a cikinsa, sai dai a ƙetare shi da wahala. Shi kansa tsirin ba a bar shi ya huta ba, domin iskar arewa maso gabas kullum tana turo masa rairayi, mai lambu yana kwashewa yana kafa shinge da ganyen dabino, tana sake kawowa.

Dukiyar garin biyu ce, dabino da gishiri. Shi gishirin, ramuka ake haƙawa har a tarar da ruwan zartsi, a bar rana ta yi aikinta, sa'an nan a kwashe abin da ya daskare. Mai kyawun ciki, wanda ake kira beza, shi ne na miya, sauran kuwa a cuɗa shi da ƙasa, a zuba cikin kututturen dabinon da aka fafe, a kife a rana ya bushe, ya fito kantu, wanda ake kai wa dabbobi. Amma jama'a masu sauraro, ba a yin tuwo da gishiri, dabino kuma ba ya riƙe gida shekara guda shi kaɗai. Abincin mutanen Fachi gero ne kamar namu, geron nan kuwa daga waje yake zuwa musu. A gonakin Damargu da Damagaram da sauran ƙasar Hausa ake noma shi. Ashe ke nan rumbun garin yana can bayan hamada, tafiyar makonni daga bakin ƙofarsu, kuma wannan shi ya kawo mu ga ma'auni na uku, wanda a ganinmu shi ne uban sauran.

Ita hanyar Fachi ba a ganinta da ido, domin babu kwalta, babu burji, sawun da aka bari yau kuwa iska ta shafe shi kafin gobe. Titin kwalta ya zo daga Tawa ya ratsa Agadas ya miƙe arewa zuwa Arlit saboda ma'adinin yuraniyom, amma daga Agadas zuwa gabas babu shi. Masu ilimin furu'a sun sani cewa matafiyi yana yin ƙasaru ne idan tafiyarsa ta kai buridi huɗu, wato mil 48, kimanin kilomita 80. To, mutumin Fachi ba shi da wani gari da zai nufa, ko da na sayen allura ne, face ya zama matafiyi a hukuncin shari'a, gama mafi kusa da shi ma ya ninka wannan masafa.

Tun zamanin da, yankin nan yana bisa hanyoyi biyu ne. Ta farko ita ce wadda ta taso daga Tarabulus ta ratsa Fezzan ta biyo Kawar ta sauka Borno, wadda masana tarihi na Larabawa suka ruwaito cewa Uƙba ɗan Nafi'u ya biyo ta har Kawar a shekara ta 46 bayan Hijira, kuma ita ce Turawan Ingila, Denham da Clapperton da Oudney, suka bi suka wuce Balma a farkon 1823 kan hanyarsu ta zuwa Kukawa. Ta biyu ita ce ta gabas da yamma, hanyar gishiri, wadda ta haɗa Kawar da duwatsun Azbin, kuma a kanta ne Fachi take da daraja, domin ita ce babban zango mai ruwa da inuwa a tsakiyar Tenere, wanda in babu shi da ƙetarewar ta gagari raƙumi mai kaya.

Ga yadda al'adar take gudana. Bayan damina, sa'ad da raƙuma suka ƙoshi suka yi tozo, sai Buzayen Azbin da 'yan'uwansu na kudu su yanki ciyawa su ɗaura dami-dami, domin a Tenere babu abin da dabba za ta ci, su ɗora gero da cuku da busasshen kayan miya da tufafi, su cika salkuna, su ɗaure raƙuma jere da akala, madugu ya shige gaba. Tafiya ake yi tun daga hantsi har dare ya raba, ba a sauke kaya, ana dama fura ana sha bisa tafiya, salla kuwa da taimama; shi madugu, wanda rayukan jama'a suke wuyansa, yana lura da inuwa da rana, da yadda iska ta kwantar da yashi, da dare kuma ya dubi taurari, musamman Kaza da 'ya'yanta, waɗanda a wannan lokaci na shekara suke ɓullowa ta gabas bayan magariba. A kan hanya sukan ajiye wani sashe na ciyawar domin dawowa, kuma amana ce sananniya cewa ba mai taɓa ajiyar wani. Idan sun isa, su ba da gero su karɓi kantu da dabino, su juyo Azbin, su huta, sa'an nan su gangara kudu, su sayar a kasuwannin Hausa, su yi rani raƙumansu suna kiwo a gonakin da aka girbe suna bar wa manomi taki, su auni geron da za su koma da shi. Da irin wannan ayari ne Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasarmu da Abdulkarim, ya gangaro daga Azbin a ƙarshen 1850, kafin ya shiga Kano a watan Fabrairun 1851. Kuma a farkon ƙarni na 20, zamanin da Faransawa suka kafa sansani a Balma cikin 1906, an ƙidaya raƙuma har 20,000 a ayarin shekara.

Ƙarancin alamu a wannan hanya ya kai inda itaciya ƙwaya ɗaya ta samu shiga taswirar duniya. Ita ce Itaciyar Tenere, wata itaciyar ƙaya da ta tsaya ita kaɗai a bakin rijiya tsakanin Agadas da Fachi, saiwarta ta nutsa fiye da mita 30 tana neman ruwa, ayari bayan ayari suna wucewa ba wanda ya taɓa karya reshenta don hura wuta, har shekarar 1973 da wani direban babbar mota ya banke ta ta faɗi. Gangar jikinta tana gidan tarihi na Yamai, an kuma kafa wata ta ƙarfe a gurbinta.

Abin da ya samu itaciyar nan ya zo daidai da lokacin da al'amarin hanyar ya fara sauyawa. Farin 1973 da 1974, da na 1984, sun hallaka raƙuma masu yawa. Tawayen da aka yi a arewacin Nijar daga 1990 zuwa 1995, da kuma na 2007 zuwa 2009, ya sa hanya ta yi wuyar bi. Mota kuma ta shigo ta karɓe kaso mai tsoka na dakon gishiri. Amma abin lura a nan shi ne, ita babbar hanyar motoci, wadda take ɗauke da fasinja da kaya tsakanin Agadas da Libiya, ta arewa take bi ta faɗa Dirku, inda akwai sansanin soja da filin jirgin sama, tana gudun tuddan rairayin da suka kewaye Fachi. Wato zamanin raƙumi ya sa Fachi a tsakiyar hanya, zamanin mota kuwa ya bar ta a gefe, alhali garin bai gusa daga inda yake ba ko da taku guda, adadin mutanensa da faɗin ƙasarsa kuma ba su ne suka sauya ba. Ayari dai bai mutu ba har yanzu, domin raƙumi ba ya shan fetur, kuma yana hawa inda taya take nutsewa, sai dai ya ragu ƙwarai daga yadda kakanni suka san shi.

Illar wannan a fili take ga mai tunani. Kowane buhun gero, da kwalin magani, da littafin ɗan makaranta, sai an ɗora masa kuɗin ƙetare hamada kafin ya shiga hannun mai shi, shi kuwa kantu, da yake kaya ne mai nauyi mai araha, kuɗin dako yakan cinye ribarsa. Malamin makaranta ko ma'aikacin jinya da aka tura can yana lissafin kwanakin da zai yi kafin ya ga iyalinsa. Matar da naƙuda ta tsananta gare ta, ko yaron da ciwo ya fi ƙarfin ɗakin magani na gari, babban asibitin jiha yana can Agadas, a bayan yashi mai cin yini da kwana ko da motar lafiyayya ce kuma direban masanin hanya ne.

Saboda haka ra'ayinmu a wannan sharhi shi ne, duk hukumar da take son yin adalci ga irin waɗannan ƙauyuka, wajibi ne ta shigar da nisa cikin lissafin rabo, kada ta tsaya ga ƙidayar kawuna. Gama mutum 2,000 da suke bakin kwalta da mutum 2,000 da suke tsakiyar Tenere adadinsu ɗaya ne, amma bukatarsu ba ɗaya ba ce. Ba muna kiran a shimfiɗa kwalta bisa tudun da yake tafiya da iska ba ne, wannan almubazzaranci ne. Abin da hankali yake karɓa ya fi haka sauƙi, wato a riƙa yasar rijiyoyin hanya ana gyara bakinsu, a kafa alamu masu tsawo waɗanda yashi ba ya binnewa da wuri, a tabbatar da mota mai ƙayyadadden lokaci wadda jama'a za su san ranar zuwanta, a inganta wayar sadarwa domin a iya kiran taimako, a ajiye hatsi da magani na watanni a cikin gari, a kuma sassauta wa masu ayari yawan haraji da tsaiko a shingaye da kasuwanni. Kiyaye zango da rijiya domin matafiyi yana cikin farillan da idan wasu suka tsaya da su an ɗauke wa saura, kuma mutanen Fachi sun daɗe suna ɗauke wa al'umma wannan nauyi. Idan wahala ta kore su suka watse, to ƙasa ce za ta koma tana kashe ninkin abin da ta ƙi kashewa, domin ta tsare wurin da dā masu shi suke tsare da shi kyauta.

Mu kuma da muke wannan gefen, manoma da 'yan kasuwa da makiyaya, muna da namu kaso na haƙƙin, domin mu'amalar gero da gishiri ta haɗa mu da waɗannan bayin Allah tun kafin a ja iyakokin da muka sani yau. Idan Buzu ya sauke kantu a kasuwarku, a cika masa mudu, a yi masa ciniki na gaskiya, a bar raƙumansa su sha a rijiya, gama kyautata masa kyautatawa ce ga gidaje masu yawa da suke jiran dawowarsa.

Iyakar abin da ya sawwaƙa ke nan a sharhinmu na yau. Allah Ya kiyaye matafiya, Ya ba shugabanni ikon yin adalci ga na kusa da na nesa.